Sunan Da Maroƙi Ya Tsallake

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayarmu Talatu, kuma ban taɓa jin haushinmu, mu ƙannenta, kamar bana ba.

Mahaifinmu Malam Idi, Allah ya gafarta masa, auri-saki ne, ga caca. Mu shida ya haifa har da Yaya, a wajen mata uku, duk ya kori matan. A gidanmu na Hotoro ba a ɗora tukunya sai ranar da ya ciwo, in kuwa aka cinye shi, jikinmu ne ke gaya mana. Yaya tana budurwa ta kwashe mu zuwa ɗakin haya, ta shiga aikin kamfanin alawa a Bompai, wajen ƙarshen shekarun saba'in. Wata 'yar Jos, Maman Rahila, ce ta yi mata hanya. Tsaye Yaya take wuni tana naɗe alawa har yatsunta su tsattsage. A unguwa kuwa "'yar kamfani" ake ce mata, kuma kowa ya san abin da ake nufi. Manema biyu suka janye saboda wannan suna. Ba ta taɓa tanka wa kowa ba. In jiniya ta yi kuka, sai ta yafa gyale ta wuce ta gabansu.

Watan jiya aka ɗaura auren 'yar Sabo, autanmu. Maroƙi ya miƙe yana jero asali: 'yar Injiniya Sabo, jikar Malam Idi mai tarbiyya, wanda ya tsaya wa 'ya'yansa sai da suka zama mutane. Malam Idin da bai san ƙofar makarantarmu ba! Na sani ta wajen maza ake jero asali, amma ai maroƙi abin da aka gaya masa yake faɗa. Na ja Sabo gefe na ce, "Ina sunan Yaya?"

"Haba Yaya Bala, a gaban surukai?" in ji shi. "Sai mu ce gwaggon amarya 'yar kamfani ce?"

Sabon da take goyawa har ƙofar kamfani in zazzaɓi ya kama shi. Wallahi sai da idona ya rufe. Na karɓi lasifikar a hannun maroƙi na gaya wa jama'a wadda ta raine mu, da irin aikin da ta yi.

Da tana raye, na san cewa za ta yi, "Bala, bari a yi biki lafiya." Wannan haƙurin nata ma yana ba ni haushi, don shi muka samu muka hau.

Kamfanin ya zama sito, ko allon sunansa babu. Abin da ta bari shi ne mu biyar, ba wanda ya taɓa korar uwar 'ya'yansa, ba wanda ɗansa ke ɓuya in ya ji sallamarsa. Har Sabon.

Har yau ba ya ɗaukar wayata. Ya yi ta yi. Yana da sauran 'ya'ya mata uku a gida, kuma kowane ɗaurin aure kusa da maroƙi zan zauna.