Kunnen Baba da Ƙafar Kofur

A Zuru, gidan da babu tsohon soja sai an nema. Namu na unguwar Rikoto yana da guda, mahaifina, sai dai shi bindiga ba ta taɓa damunsa ba. A badujalar soja ya ƙare ƙuruciyarsa yana busa ƙaho, ya yi ritaya yana saje, ya dawo gida da akwati biyu, ɗaya na tufafi, ɗaya na ƙahon.

Su biyar ne a ƙungiyarsu: tsofaffin soja huɗu, da wani Ibo mai shagon kayan babur da ke kaɗa musu jita. Kowace Lahadi bayan la'asar sukan jeru a farfajiyar wani otal, ƙarƙashin mangwaro, cikin fararen kwat da suka sha wanki har suka gaji. Kiɗan da suke yi wa hafsoshi a da shi suke yi, mai sanyi, mai jan ƙafa, ba hayaniya. Shekarun dubu biyu da 'yan kai ne, faifan sidi ya cika gari, don haka sa'o'ina dariya suke yi musu. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Amma ni ce mai goge kwat ɗin Baba da dutsen guga na gawayi, kuma in ya toshe bakin ƙahon da gwangwanin madara, sautin ya fito kamar mutum na magana a ɗakin kusa, sai in ji idona ya ciko.

Dokarsu ta bariki ce. Baba zai buga ƙafa sau huɗu, a fara. Inda ya bi nan ake bi, kuma ba a gyara wa na gaba.

Mu a gida mun riga mun gane kunnensa ya fara tafiya. Rediyonsa har maƙwabta na sauraro, Mama kuwa sai ta kira shi sau uku. A wurin wasa sai ya soma yin gaba ko ya yi baya, su kuma su bi shi. Wata Lahadi ya tsallake baiti guda cur, tsofaffi huɗu suka yi tsalle suka bi shi ba wanda ya ɗaga kai. Dattawan da ke rawa da matansu suka tsaya suna kallon juna.

Ranar Talata, mai gangarsu, wanda muke kira Baba Kofur, ya same ni a makarantar da nake koyarwa, mai jita na biye da shi.

"Ɗiyata, Oga ba shi jin mu yanzu," in ji shi. "Muna bin shi, amma wata rana kunya za mu sha gaba ɗai."

"To ku gaya masa mana, Baba Kofur."

Ya dube ni kamar na ce ya je ya mari Baba. "Kofur shi ce ma saje ya yi kure? Ba a taɓa yi ba."

Mai jita ya ce, "Ni ba soja ba ne, amma ina jin tsoro. Ke ce 'yarsa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Maza huɗu, uku sun ga yaƙi, amma ni suka ɗora wa kayan. Kuma na san halin Baba: in ya ji ya zama abin tausayi, rufe akwatin nan zai yi har abada, in ya rufe kuwa ban san me zai rage masa ba.

Sai Asabar na iya tunkarar Baba. Na tarar da shi a zaure yana ɗiga wa maɓallan ƙahon man keken ɗinki. Na zauna daf da shi, na ɗaga murya.

"Baba, kana jin su kuwa in kuna wasa?"

Ya ce, "Tun damina rabona da jin ganga sosai. Na san bina suke yi." Ya goge hannunsa da tsumma. "Kofur ya aiko ki ko? Matsoraci. Tun a bariki haka yake."

Washegari na je otal ɗin. Suka jeru, aka jira ƙafar Baba, ba ta motsa ba. Sai ya juya, ya ƙame a gaban mai ganga, ya ce da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa, "Kofur, daga yau kai za ka ba da ƙafa."

Baba Kofur ya miƙe zai sara masa, sandunan ganga suka zube ƙasa. Ya tsince su, ya buga ƙafa sau huɗu. Baba ya jawo kujerarsa gefe, inda zai riƙa ganin takalmin Baba Kofur. Mutumin da tun tasowata ba ya busa sai ido rufe, ranar bai ko ƙifta ba. Bai kauce ba ko sau ɗaya, dattawa suka yi rawarsu har aka tashi.

Kafin magariba muka kamo hanyar gida, ina riƙe da akwatin. Mun kusa kwanarmu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ya yi daɗi?"

Na ce, "Ƙwarai, Baba."

Bai ji ba. Ya tsaya, ya juyo yana kallon bakina, yana jira. Sai na yi ta gyaɗa masa kai.