Lamba Ta Ɗari Da Takwas

Shekara talatin Malam Sanda ya yi yana lodin motocin Gwaram a tashar Birnin Kudu, kuma ba a taɓa jin ya sa mutum goma sha tara a motar goma sha takwas ba. Ya fara kamasho a shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, yana saurayi siriri mai ƙatuwar murya. Direbobi ba sa murna in shi ke kan layi. Da mota ta cika sai ya ja ƙofa, ya bugi bayanta sau biyu, shi ke nan. Ko limamin unguwarsu ne ya iso da jaka a hannu, sai dai ya jira ta gaba. Wasu suka ce tsoron Allah ne, wasu suka ce taurin kai. Waɗanda suka zauna da shi sun ce duka biyun ne, amma taurin kan ya fi yawa.

Ciwon gwiwa ne ya raba shi da tasha. Ya dawo gida ya zauna wa matarsa Kaltume a ka, yana ƙirga komai, har cokulan kicin. Ranar Alhamis kawai take samun sarari, don ranar yake hawa acaɓa ya tafi duba gonarsa a Wurno, ba ya dawowa sai bayan la'asar.

Ana haka 'yarsa Kausar, wadda ta karanta kwamfuta a Dutse, ta kawo rauta gida: wani farin akwati mai ƙaho biyu, ana sa masa layin waya ya raba wa mutanen gida intanet. Datar wata guda ta ƙare a kwana tara, domin lambar sirrin ta zagaye layin kaf, har mai shayin bakin titi yana da ita. Malam Sanda ya ce a zo a yi masa bayani. Kausar ta buɗe shafin rautar a kwamfutarta, ta zauna kusa da shi a tabarma.

Ta ce, "Baba, duk wayar da ta shigo, sai injin nan ya ba ta lamba kafin ta iya komai. Nan da aka rubuta DHCP shi ne wurin rabon. Yanzu a sake yake, zai iya ba waya ɗari biyu da wani abu."

"Ɗari biyu? A gidan da ake tuƙa tuwon mutum takwas?"

"Ai ana iya ragewa."

Ya ƙura wa allon ido, can ya ce, "Ashe kamasho ne a cikin akwatin. To, bai iya aiki ba."

A ranar aka rage rabon ya koma daga ɗari da ɗaya zuwa ɗari da takwas, aka kuma ɗaure kowace lamba da wayar mai ita, ta yadda baƙuwar waya ko ta san lambar sirri ba za ta samu wurin zama ba. Shi ya riƙa faɗin sunaye, Kausar tana rubutawa. Da aka zo ta ƙarshe sai ya ce, "Sa wancan." Izzuddeen yake nufi, ɗansa na fari, wanda don kunya bai taɓa kiran sunansa ba. Izzuddeen direba ne, yana jan bas tsakanin Birnin Kudu da Gwaram.

Akwai wasu akwatuna biyu a ƙasa da aka rubuta wa DNS. Kausar ta ce wannan mai kwatance ne: ka faɗi sunan shafi, shi ya nemo inda yake. Ta sa lambobin wani mai kwatancen da ba ya kai mutum shafukan banza, abin da ya yi wa Malam Sanda daɗi ƙwarai. Bai yi wata ba ya iya shiga shafin da wayarsa. Sau ɗaya ya yi karambani ya goge lamba guda a akwatin kwatancen, gida ya kwana biyu ga sabis cike amma ba abin da ke buɗewa. Ya zagi kamfanin layi son ransa kafin Kausar ta gano. Bai ba kowa haƙuri ba, amma ya kwafe lambobin a bayan kalanda.

Wata shida bayan haka, ranar kasuwar Gwaram, taya ta fashe wa Izzuddeen a hanya, mota ta kwanta a gefen titi. Ba a rasa rai ba, sai wata mai sayar da daddawa da ta karye a hannu. Da aka fito da mutane aka ƙirga, ashirin da biyu ne. Malam Sanda ya ɗingisa har ofishin ƙungiyar direbobi, ya ce da bakinsa a cire yaron daga layi wata uku. Ya dawo gida, a gaban kowa ya ce, "Kada ka sake taka mini gida." Izzuddeen ya kwashe kayansa ya koma Gwaram wurin kawunsa Maikuɗi. Kaltume ta yi kuka, ta yi roƙo, ta turo manya. A banza.

Lamba ta ɗari da takwas kuwa ba a taɓa ta ba. Kausar ta tambaya ko a cire, ya ce wa ya sa ta.

Wata Alhamis, bayan ya dawo daga Wurno ya yi wanka, ya buɗe jerin wayoyin da suka karɓi lamba, kamar yadda ya saba kullum. Sai ga sunan Izzuddeen a ƙasa. Lambar aro ce ta awa ashirin da huɗu, saura awa ashirin. Ya yi lissafi da yatsu: wajen azahar ke nan. Ya ɗaga kai ya dubi Kaltume tana tankaɗe, fuskarta kamar ba ita ba. Ya rufe wayar ya nemi a kawo masa ruwa.

Haka aka yi ta yi fiye da shekara. Duk Alhamis yaro ya zo ya ga uwarsa a ɓoye, wayarsa ta karɓi lambarta ba tare da ya sani ba, uban ya dawo ya gani ya yi gum. Ko ranar da ba abin yi a gona sai ya tafi, ya zauna a inuwa har la'asar ta wuce. Kaltume tana ganin ta iya ɓoyo. Shi kuwa daɗi yake ji, ko da yake da za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Sai wata Alhamis sunan bai fito ba. Ta biyu ma haka. A ta uku Malam Sanda ya kasa cin tuwo. Tsoro ya kama shi sosai, irin na wanda ya san hanyar nan da abin da take yi wa direbobi. Ga shi ba dama ya tambayi Kaltume, don tambayar za ta tona cewa ya daɗe da sani. Ita ma ya lura ta rage magana. Da ya rasa yadda zai yi, ya kira Kausar zaure.

"Injin nan yana mantuwa ne?"

"Ba ya mantuwa, Baba." Ta sunkuyar da kai. Ta san abin da yake tambaya. "Yaya ya canza waya, tsohuwar ta faɗa ruwa. Ya zo da sabuwar, ya sa lambar sirri daidai, ta ƙi shiga. Lambarsa tana ɗaure da tsohuwar, sauran bakwai kuma duk da masu su."

"Ba ki gaya masa ba?"

"Ba na gida ranar. Da na kira shi na yi masa bayani, ya ce kada in rufa maka asiri, wai ya san kai ka cire shi. Ya ce korar farko ta baki ce, wannan kuwa da hannunka ka yi. Ya ce wa Inna ba zai ƙara zuwa ba."

Sai a lokacin Malam Sanda ya gane. Tsarin da yake taƙama da shi ne ya kori ɗansa, ba da saninsa ba.

Kausar ta ce, "Sai a ƙara lamba ɗaya, ta zama tara."

"Mutum takwas ne a gidan nan."

"To a ɗaure tasa da sabuwar wayar. Akwai wata lamba a cikin wayar, ko ta saƙo zai iya turo mini."

Wannan maganar ta ƙarshe Malam Sanda ya yi kamar bai ji ba.

Ranar kasuwar Gwaram ya sa babbar riga ya shiga mota. Ya sauka, ya yi ta zagaye har rana ta karkata, sannan ya nufi layin Birnin Kudu. Motar Izzuddeen ce ke lodi. Ya tsaya daga baya yana ƙirga kawuna ta taga, bakinsa na motsi. Goma sha takwas. Kamashon wurin ya hango shi, ya gane shi, ya fara cewa fasinjoji su matsa a samar wa Baba wuri. Izzuddeen ya zagayo daga gaban mota, ya gan shi, ya durƙusa.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya."

Izzuddeen ya dubi motar, ya dubi ƙasa. Sannan ya ce, "Baba, ta cika."

"Na ƙirga."

Malam Sanda ya matsa ya ja ƙofar da kansa ya rufe. Bai dubi yaron ba, ya ce, "In ka sauke su, ka kai wayarka gida. Injin ba ya ba da lamba sai ya ga waya. Ba sai Alhamis ba."

Ya bugi bayan motar sau biyu. Da ta tashi, ya koma kan benci ya zauna jiran ta gaba.