Safar Hannun da Ta Ƙi Oga Tanko

Jama'a, wallahi abin nan a gabana ya faru, lokacin ina aiki a ɗakin ajiye gawa na wani asibiti a Kontagora, tun ba a yi Jihar Neja ba.

A zamanin, safar hannu ta roba ba a yar da ita. Idan likita ya gama buɗe gawa sai mu wanke safar, mu shanya, mu barbaɗa hoda, kafin a sa kuma a hura mata iska a ji ko tana yoyo. Shugabanmu Oga Tanko ne ke rabo, mugu ne na ƙarshe, masu kyau ya ɓoye wa kansa, hujajju ya jefo mana.

Ran nan aka kawo wani manomi daga Ibeto, zazzaɓi ya kashe shi, jini ta hanci ta baki. Abokin aikina Bawa, dattijo mutumin Auna, lauje ya yanke shi a tafin hannu, ya ce, "Oga, taimake ni da mai kyau, hannuna da ciwo." Tanko ya yi dariya ya ce ai fatar ɗan ƙauye ta fi roba kauri. Haka Bawa ya shiga da hujajjiya. Sati bai zagayo ba ya rasu, ya bar mata da ƙananan yara.

Likita ya ce sai an duba abin da ya kashe shi, kuma Tanko ne zai riƙe masa gawar. Da rana tsaka fa! Tanko ya buɗe akwatinsa ya ɗauko sabuwa dal, ya hura, sai fiii, iska ta fice. Ya ɗauki wata, haka. Na karɓa na hura, ta cika tam. Na miƙa masa, ta sace a hannunsa. Subhanallahi! Duk akwatin haka muka yi, gumi na zuba masa.

Ya kama rigata yana cewa, "Don Allah ɗan'uwa, shigar mini." Yau ni ne ɗan'uwa? Na fizge rigata, ko ɗigon tausayinsa ban ji ba, har gobe kuma ba na ji.

Ya haɗa biyu biyu ya shiga. Da ya fito ya tuɓe, hannuwansa jage-jage da jini har wuyan hannu. Likita ya ɗura wa safar ruwa ya ɗaga, ko ɗigo bai fita ba. Mun binne Tanko kafin a yi sadakar bakwai ɗin Bawa.

Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Kai da aka damƙa wa kayan kare ran mutane, raba musu tun suna iya roƙonka da baki.