Kunyar Furera da Ragar Likita

A Gayam, in an ce Furera mai daddawa ba sai an ƙara bayani ba. Shekara talatin tana ɗauko ɗorawa daga daji a ka, ta haihu goma a ɗaki, ba ta taɓa taka asibiti ba. "Ni ƙarfe ce," in ji ta. To, ƙarfen ya yi tsatsa. Mahaifa ta zazzago, fitsari ya daina neman izini: ko tari ko dariya, sai ta tashi sake zane. Ita da bakinta take cewa ta fi liman yawan alwala.

Da abin ya ishe ta, ɗanta na fari, Isiyaku, malamin firamare, ya kai ta wani asibiti a Kaduna. A nan aka tafka wautar. Furera ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take ce masa, ko ido ba sa haɗawa. Kunyar ɗan fari ta riƙe ta kamar farilla. Likita kuwa da ya ga mai biro a aljihu, sai ya juya wajensa da Turanci. Ya ce za a ɗinka mata wata raga a ciki ta tallafe mahaifar, amma ragar takan ci nama. In ta ga jini ko ta ji suka a gabanta, a dawo da ita maza. Isiyaku ya yi gumi, ya sa hannu. A mota, iyakar abin da ya iya faɗa shi ne, "Iya, an ce Allah ya ƙara sauƙi."

Wata takwas lafiya lau. Sai suka ta fara kamar ƙaya, sai jini. Zama gaban tukunyar kalwa ya gagara. Ta sha sassaƙe, ta zauna a ruwan bagaruwa, har maƙwabciya ta zarga da baki. Wa za ta gaya wa? Wanda ya san hanyar asibitin shi ne wanda ba a gaya wa. Kullum ya tsuguna a bakin ƙofa: "Iya, ya jiki?" Ta ce, "Alhamdulillahi." Shekara guda suna wannan wasan, tana ramewa, yana kallon ƙasa. Tsoro ya kama ta ƙwarai, ta tabbata ajali ne.

Wata safiya ta kasa miƙewa. Da ya zo gaisuwa, ta juya fuska bango ta ce, "Kai wancan. Abin da aka sa mini yana yanka ni. Jini nake zubarwa."

Can sai ta ji magidanci mai 'ya'ya shida yana kuka. "Iya, likita ya faɗa tun ranar. Bakina ne ya yi nauyi."

An mayar da ita asibiti, an cire abin da ya ciru na ragar, saura ya manne da nama, ya zauna ke nan. Har yau ba ta iya dogon zama, daddawa ta koma hannun surukarta Ummi. In mata suka ce, "Furera akwai kunya," takan ce, "Sosai. Ni da ɗana mun yi ta har ta cinye ni da raina."

Ran nan da za a kai Ummi ganin likita, tsohuwar ta riga kowa shiga mota, a karkace, tana cije leɓe. Ta ce ita za ta zauna kusa da likitan, kuma da Hausa za a yi.