Kifin Itacen da Ya Riƙe Ƙugiyarsa

"Sule, yau ma itace za ka ciyar da tsage?" in ji Kawu Ɗanladi, babban masuncin Likoro, yana dariya a bakin rafi.

Ba mu daɗe da samun 'yancin kai ba a lokacin. Maiɗakina tana jego, na yi mata alkawarin romon kifi. Sau biyu tsage, kifin nan mai kaifin haƙora, yana fizge ƙugiyar da na kafa da ƙusa a jikin ɗan kifin itacen da na sassaƙa don in yaudare shi, domin itacen da ya sha ruwa ya bushe ba ya riƙe ƙusa.

A karo na uku na gasa wayar ƙafar keke, na huda itacen daga baki har wutsiya, na lanƙwasa ta a kan ƙugiyar.

Tsage ya cafka, ya yi ta fizga, ƙugiya ba ta motsa ba, har na jawo shi tudu.

Na ce, "Kawu, ashe yana cin itace."

Ya daɗe yana jujjuya sassaƙar, sannan ya ce, "Gobe ka zo gidana da wayar nan."

Yau na tsinci kifin itacen a adakar marigayiya maiɗakina, naɗe cikin ƙyalle. Ashe ta adana shi.

Jama'a, wace tsohuwar ajiya ce ta taɓa faranta muku rai haka?