Ruwan da Gwadabe Ya Ba Baƙo

Duk wanda ya zauna a Zawaciki a farkon shekarun tamanin ya san Gwadabe, ko da bai san sunansa ba ya sha ruwan rijiyarsa. Daga ƙasar Gumel ya zo cin rani, ranin ya ƙi ƙarewa. Ya yi dako a Bompai, ya yi gadi a Sharada, sannan ya samu aiki a wani kamfanin fata a Challawa, yana zuba wa tukunyar tururi kwal da shebur. Kwal ne mai ruwan ƙasa-ƙasa da ake haƙowa a Kudu, ga hayaƙi ga toka. Tokar kuwa a bayan katanga ake jibge ta, a gangaren da ke kallon unguwarsu.

Mutum ne mai kunyar baƙo har abin ya yi yawa. Matarsa Sauda takan ce in ɓarawo ya yi masa sallama, sai ya shimfiɗa masa tabarma. Rijiyar nan da hannunsa ya haƙa ta a ƙofar gida, sadaka ga mahaifinsa da ya rasu, kuma ba shi da abin alfahari a duniya kamarta.

Wata damina sai ga masu binciken ƙasa. Ana son a faɗaɗa haƙar kwal ɗin, aka turo su su duba ko tokarsa na ɓata ƙasa da ruwa a wuraren da ake ƙona shi. Shugabansu, wani malamin jami'a mai suna Malam Tijjani, ya bar wa Gwadabe kwalabe ya ce, "Don Allah Malam, ku cika mana su da ruwan farko na safe, kafin kowa ya jefa guga. Za mu biyo mu karɓa."

Da safe Gwadabe ya ja guga, ya tsaya yana kallo. Ruwan ya yi fatsi-fatsi, yana wani ƙauri. Tun da ruwan sama ya fara wanko gangaren nan yake yin haka, amma in an bar shi a tulu yakan kwanta a sha. To, a ba baƙo wannan? Baƙon da ya zo da mota, ya durƙusa ya gaishe shi? Har ya tafi da shi birni a ce ga ruwan sadakar uban Gwadabe? Sai ya shiga gida ya buɗe randar ruwan sama da Sauda ke tanada domin baƙi, ya cika kwalaben fal, har da goge su da gefen riga.

Sauda ta ce, "Malam, ba na rijiya suka ce ba?"

Ya ce, "Ke dai ba ki san mutunci ba."

Ba mugunta ba ce, wallahi, kuma wannan ne abin haushin. Bayan watanni labari ya iso kamfani cewa ruwan unguwa lafiya lau yake. Maganar kwashe tokar da aka fara sai ta bi iska, tsibin ya ci gaba da girma, kuma rabinsa shebur ɗin Gwadabe ne ya fitar da shi.

Daga nan ciwon ciki ya zauna a unguwar. Mata suka yi ta ƙuraje a hannu. Maƙwabciyarsu Atika ta yi ɓari, Sauda ta rame kamar an zare mata laka. Kowa ya ce ai ba ruwa ba ne, tunda masana sun auna. Duk lokacin da aka faɗi haka a majalisa, Gwadabe sai ya tashi ya ce zai kewaya. Allah kaɗai ya san ko ruwan ne ya jawo duka, amma shi bai taɓa raba ɗaya biyu ba. Ya daina tsokanar yara, ya daina zama a bakin rijiyar, ya kuma kasa rufe ta, don rufewa sai da dalili, dalilin kuwa shi ne. Sauda ba ta taɓa tayar da zancen ba, shirun nata ya fi masa zafi.

Shekaru suka shuɗe. Wata ranar zafi sai ga Malam Tijjani, wani aikin ya biyo da shi ta hanyar. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Gwadabe, ku ba ni ruwan rijiyar nan in sha. A duk yawon da muka yi ban auna mai kyansa ba, har yau ina ba ɗalibaina labari."

Sauda ta miƙe ta nufi randa. Gwadabe ya ce, "Zauna."

Ya ɗauki kwanon sha na baƙi, ya fita ya ja guga, ya zuba ruwan yadda yake, da fatsinsa da ƙaurinsa. Ya dawo ya durƙusa ya ajiye a gaban baƙon, amma bai ɗauke tafin hannunsa daga bakin kwanon ba.

Ya ce, "Kada ku sha, Malam. Ku dai duba. Wannan ne muke sha tun ranar da kuka bar mini kwalabe."