Tagar Shagon Baba

Ranar wata Laraba da la'asar, shekarar da nake aji biyar a firamare, hadari ya haɗo daga gabas ya yi jawur, alamar iska ce a gaba, ruwa sai daga baya. Kafin mu gama kwashe shanya ƙura ta rufe unguwarmu, Limancin Kona. Muka cure a ɗakin Inna muna tari, ƙasa na ƙaras-ƙaras a haƙoranmu, sai ga muryar Baba daga shagonsa: "Uwata, kawo ruwa!" Yaya Binta ta miƙe tana yauƙi. Ita ce mai sunan mahaifiyarsa, kuma ita kaɗai yake kira.

Baba maɗinkin manyan riguna ne, aikin hannu, farar shadda kuwa ba ta ga maciji da ƙura. Taga ɗaya ce a shagon, ya kafa mata ƙusoshi huɗu. Idan iska ta taso, sai a jiƙa farin alawayyo a matse shi sosai a ɗaura. Iska ta shigo da sanyinta, ƙura ta maƙale a ƙyallen. Yaya Binta ke yayyafa masa ruwa idan ya fara bushewa. In gari ya lafa, ni ke share tsakar gida, in kakkaɓe tabarmi, in ɗauraye randa, gashin idona ja kamar wadda aka tono daga rami. Ita kuwa sai ta fito fes, tana murmushin wani labari da Baba ya ba ta. Idan na tambaya ta ce, "Maganar manya ce, je ki fyace hancinki."

A littattafan soyayyar da nake sata daga akwatinta, ɗakin tauraruwa kullum labulensa ruwan hoda ne. Na sa a raina cewa ranar da tagar nan ta zo hannuna, Baba zai gane wadda ya daɗe yana tsallakewa.

Ranar ta zo bayan mako guda, Yaya ta tafi Tukur-Tukur gidan Gwaggo. Iska ta taso, Baba ya leƙo ya ce, "Ke Ladidi, zo ki riƙe mini taga." Na ruga shagon kamar an kawo kuɗin aurena. Yana fita ɗaure awaki na cire alawayyon, na tsoma gyalena na sallah a ruwa, na rataya ba tare da na matse ba. Shagon ya koma ruwan hoda gaba ɗaya. Na zauna a kan buzun Baba na harɗe ƙafa, ina jira ya shigo ya gani. Sai iska ta maka gyalen, ashe rininsa yana zuba, ya feshe gaban farar rigar da Baba ya yi wata uku yana yi wa aiki.

Ya daɗe a tsaye yana kallon rigar. Bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Abin da ya ce kawai, "Ladidi, taga ba kwalliya take nema ba." Mako biyu ya yi a duƙe yana rufe ɗigon da zare, ɗaya bayan ɗaya. Bai ƙara kirana ba, ni ma ban ƙara tsayawa kusa da ƙofar ba.

Yau akwai na'urar tace iska a falona. Bayan kowace guguwa nakan zare matatarta in kakkaɓe, 'ya'yana su kwana ba tari, ba wanda aka zaɓa aka bar wani. Baba ya rasu, an mai da shagon ɗakin ajiya. Amma duk sanda muka haɗu a gida, Yaya Binta takan fara da, "Baba ya taɓa gaya mini a shago," ta kawo labarin yarintarsa ko na aurensa da Inna, abubuwan da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Nakan yi dariya tare da kowa. Ita ta gaji hirarsa, ni kuwa aro nake yi.